Akurki da Kwanan Kaji a Ƙasar Kano: Daga Gidajen Gona zuwa Unguwar Darmanawa

Daga cikin sana'o'in cikin gida da Hausawa suka daɗe da su, kiwon kaji shi ne mafi yaɗuwa, kuma shi ne wanda marubuta tarihi suka fi tsallakewa, domin ba a karɓi jangali a kansa ba, ba a kuma yi fatauci mai nisa da shi ba, balle ya shiga kundin hukuma yadda shanu da gyaɗa da fatu suka shiga. Duk da haka kiwon yana da iliminsa, kuma mafi yawan wannan ilimi ya taru ne a kan abu guda, wato inda kaza za ta kwana. Da rana kazar gida takan nemi abincinta da kanta, tana tono a juji da bakin turmi, amma da dare ba ta iya kare kanta daga komai, saboda haka duk wahalar mai kiwo tana komawa ga akurki, wato ɗan ƙaramin ɗakin da ake yi wa kaji su kwana a ciki a rufe, da kuma yadda za a sa su riƙa shigarsa da kansu idan magariba ta yi. Wannan ɗabi'a ta shiga akurki ba da ita aka halicci kaza ba. Koya mata ake yi, kuma hanyar koyarwar ta sauya tare da sauyin gidaje da sauyin kajin kansu.

Asalin kazar gida wata jar kazar daji ce da har yanzu take rayuwa a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, kuma wani babban nazari da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ƙasusuwan kazar gida mafi daɗewa da babu shakka a kansu an tono su ne a Ban Non Wat ta ƙasar Tailan, suna komawa tsakanin shekarar 1650 da 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a wurin da mutane suke noman shinkafa. Hatsi ne ya janyo tsuntsuwar daga daji zuwa kusa da mutane, kuma har yau hatsi ne babban abin da ake riƙe ta da shi. Sai dai ta zo da halinta na daji wanda bai bar ta ba: idan haske ya fara raguwa takan nemi reshe mai tsawo ta hau, domin idonta ba ya gani sosai a cikin duhu, kuma idan duhu ya rufa takan lafe inda take, ta yadda ko yaro zai iya ɗaukar ta da hannu. Tana kuma da riƙon wuri, wato inda ta kwana jiya nan take nema yau. A nan ne matsalar ta samo tushe, domin akurkin gargajiya a ƙasa yake, cikinsa da duhu, ƙofarsa ƙarama, alhali zuciyar kaza tana kan bishiya ko kan katanga.

Kaza ta iso Afirka tun da daɗewa. An samu ƙasusuwanta a Mezber ta ƙasar Habasha da suka kai wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya, a Afirka ta Yamma kuwa an same su a Kirikongo ta Burkina Faso da Jenne-jeno ta Mali a cikin shekaru dubu na farko na Miladiyya. Da Ibn Baɗuɗa ya ratsa ƙasar Mali a 1352 ya ambaci kaji a cikin abin da matan ƙauyuka suke kawo wa matafiya su saya, tare da gero da nono, abin da ya nuna cewa tun wancan zamani kiwon a hannun mata yake. A Kano kanta, littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta a ƙarshen ƙarni na 19 bisa labaran baka, kuma H. R. Palmer ya fassara shi ya buga a 1908, ya ambaci baƙar kaza tare da baƙin kare da baƙin bunsuru a cikin abin da mutane suke kawowa gindin dutsen Dala a zamanin Barbushe. Wannan ba hujja ce ta ƙayyade shekara ba, amma ya isa ya nuna cewa a tunanin Kanawa kaza ta riga sarautar Bagauda, sarkin Kano na farko wanda ya zo bayan zamanin Barbushe, zama a ƙasar.

Akurkin da aka sani a gidajen karkarar Kano gini ne na ƙasa, zagayayye, wanda tsawonsa bai cika wuce ƙugun mutum ba, ana rufe samansa da laka ko da ɗan jinka na ciyawa, a bar masa ƙofa daidai shigar kaza ɗaya, wadda ake toshewa da dutse ko guntun katako ko fasasshen turmi. An fi gina shi a jikin katanga ko kusa da rumbu, kuma a gidaje da yawa ƙarƙashin rumbun ne ma yake zama makwanci, tun da a kan duwatsu ake ɗora rumbu. Wadda ba ta da akurki takan kifa wa kajinta kwando a madafa, mai 'yan tsaki kuwa sau da yawa a ɗakinta suke kwana. Ƙanƙantar ƙofar da kaurin ginin ba don kyau aka yi su ba, don abokan gaba aka yi. Karin maganar da ke cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, ta lissafa manyan biyun, kuma ta raba su yadda mai kiwo ya san su: shaho da shirwa na rana ne, akurki ba ya maganinsu sai dai inuwar bishiya da fikafikan uwa, muzuru kuwa na dare ne, tare da tunku da gafiya da maciji da kwarkwasa, kuma akurki mai kyakkyawan murfi yana hana mafi yawansu shiga. Sai ɓarawo, wanda kazar da ta kwana a kan katanga ta sauƙaƙa masa aiki.

Ba za a fahimci dalilin da ya sa ake ba kwanan kaza wannan muhimmanci ba sai an duba matsayinta a tattalin gida. A gidan Bahaushe, musamman inda mata suke cikin kulle, kaji dukiyar mace ce ta kanta, ba ta maigida ba, kuma su ne asusunta: takan fara da sagara ɗaya, wato budurwar kaza da ba ta soma ƙwai ba, ta bar ta ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe, ta sayar da zakaru ta sayi akuya, daga akuya kuma a kai ga kayan ɗakin 'ya. Ƙwan kaza ba a cika cin sa ba a da, an fi barin sa don ƙyanƙyasa, ƙwan zabi ne na ci da sayarwa da damina. Ana yanka kaza don baƙo, da ranar Sallah, da mara lafiya mai murmurewa, ango kuma yakan shiga da ita ɗakin amarya. Saboda haka kaza kullum a cikin tafiya take daga gida zuwa gida, ta hanyar kyauta da tukwici da kasuwa da ba da kiwo, wanda shi ne a ba wata kaza ta kula da ita a raba abin da ta haifar. Kowace irin wannan tafiya tana haifar da baƙuwar kaza, wadda ba ta san gidan ba, kuma idan aka sake ta a ranar farko ko dai ta nemi hanyar inda ta fito, ko ta kwana inda dare ya riske ta.

Dabarar da matan gida suka gada a kan wannan gajeriya ce, amma kowane ɓangare nata yana da dalili. Ba a sakin baƙuwar kaza nan take. Ana tsare ta a cikin akurki ko a ƙarƙashin kwando na 'yan kwanaki, daga uku zuwa mako guda, da ruwanta a kasko da dusarta, har wurin ya zama shi ne inda ta saba kwana. Wasu sukan ɗaure mata igiya a ƙafa a jikin turke kusa da akurkin, domin ta ga tsakar gida da mutanensa da sauran kaji ba tare da ta yi nisa ba, wasu kuma sukan rage mata gashin fiffike ɗaya don kada ta haura katanga. Ranar da za a sake ta, da la'asar sakaliya ake yi, lokacin da ya rage kaɗan rana ta faɗi, domin kada ta samu sararin yin nisa kafin buƙatar makwanci ta taso mata. Abin da ya fi duka ƙarfi shi ne tsabar yamma: mai kaji takan ajiye ɗan hatsi ko tsaki, wato ɓarzajjen hatsi, ta watsa a bakin akurki dab da magariba tana kiran su da murya iri ɗaya kullum, sai kajin su haɗa kiran da abinci, su haɗa abincin da ƙofar. Wadda ta ƙi shiga ba a bin ta da gudu, domin kora tana sa ta tsani wurin; ana bari duhu ya yi, a ɗauke ta a hankali a sa ta ciki, a maimaita haka dare bayan dare har ta daina buƙata. Yara ne suka fi yin wannan aiki, kuma rufe kaji yana daga cikin ayyukan farko da ake ɗora wa yaro a gida.

Akwai wani cikas da ba daga baƙuwar yake fitowa ba, daga 'yan gida yake. Kaji suna da tsarin fifiko a tsakaninsu, inda kowace ta san wadda za ta tsattsaga da wadda za ta kauce wa, abin da masanin ƙasar Norwe Thorleif Schjelderup-Ebbe ya bayyana a rubuce a farkon shekarun 1920, ko da yake duk macen da ta taɓa watsa tsaba ta riga ta gan shi da idonta. Baƙuwa a ƙasan wannan tsari take farawa, kuma a akurki mai ƙofa ɗaya tsohuwar kaza guda tana iya tsayawa a baki ta hana ta shiga. Shi ya sa ake shigar da baƙuwa cikin tsofaffi da dare, lokacin da ba sa iya faɗa, kuma shi ya sa kawo kaji biyu ko uku tare ya fi kawo ɗaya sauƙi.

Sai dai babbar malamar akurki a tsarin gargajiya ba mace ba ce, uwar kaza ce. Kazar da ta yi kwanci na kwana 21 a cikin akurki ta ƙyanƙyashe, can take komawa da 'ya'yanta kowace yamma, su shige ƙarƙashin fikafikanta, ta yadda kafin ta yaye su sun san hanya ba tare da kowa ya nuna musu ba. Har zabi ma ta nan ake shawo kansu: tun da zabuwa ba ta da kyakkyawan riƙon kwanci a gida, ana sa wa kaza ƙwanta ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan su bi ta akurki suna ƙanana, ko da yake mafi yawansu da sun girma sai su koma kan bishiya, domin zabo ɗan asalin Afirka ne da bai gama rabuwa da daji ba. Muddin garken gida daga cikinsa yake haifuwa, horon yana gudana da kansa daga uwa zuwa 'ya'ya, baƙuwa ɗaya-ɗaya ce kawai take buƙatar hannun mutum.

Idan kuwa kajin da suka saba suka wayi gari suna ƙin akurkinsu, masu kiwo sun san laifin ba nasu ba ne, na ɗakin ne. Ƙuma da kaskar kaji suna ɓuya a tsagar ginin ƙasa da rana, su fito da dare su sha jini, kuma kaza takan zaɓi sanyi da haɗarin waje a kan wannan azaba. Maganin gargajiya shi ne a share kashin a kai gona, a ƙona ƙaiƙayi ko kara a ciki hayaƙi da zafi su ratsa tsagogin, a yaɓe su da sabuwar laka, a zuba toka a ƙasa. Maciji ko gafiya da suka taɓa shiga su ma sukan sa garke ya ƙaurace wa wurin na kwanaki.

Wannan tsari ya dace da irin ƙasar da ta kewaye birnin Kano har zuwa tsakiyar ƙarni na 20. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, ya kuma lura cewa fili mai yawa a cikin ganuwa gonaki ne. A bayan ganuwa kuwa gidajen manoma ne a warwatse cikin gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu, yankin da Michael Mortimore ya yi nazarinsa a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna suke shiga birni da itace su fito da taki. Darmanawa da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, waɗanda suke kudu maso gabashin ganuwa ta wajen hanyar Zariya, a cikin wannan zobe na noma suke, inda kowane gida yake da rumbu da turmi da juji da bishiya, wato duk abin da kazar gida take rayuwa a kansa. Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 birni ya miƙe ta wannan ɓangare da sauri: aka yanka gonaki fuloti-fuloti, aka gina rukunin gidajen Kundila, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988 ya zauna a maƙwabtakar Darmanawa, sannan a 1996 aka yi Ƙaramar Hukumar Tarauni mai hedikwata a Unguwa Uku, wadda Darmanawa take ɗaya daga cikin mazaɓunta goma. Ƙidayar 2006 ta ba Tarauni mutum 221,367 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 28, wato fiye da ninki bakwai na dukan Kanon da Barth ya gani.

Abin lura shi ne kiwon kaji bai mutu da wannan cunkoso ba, siffarsa ce ta sauya. Rumbu ya tafi, buhu ya maye gurbinsa. Injin niƙa ya rage dusar da take zuba a bakin turmi. An dabe tsakar gida da siminti, babu wurin tono. A gidan haya kuma mai gida ba ya yarda a gina akurkin laka. Sai kafintoci suka shiga sana'ar, suna haɗa keji na katako da ragar waya da rufin kwano, wanda ake iya ɗauka idan an tashi. Kejin ya fi akurkin ƙasa iska da sauƙin shara, amma yana da aibinsa, domin a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake kaiwa digiri 40, kwanon da ya sha rana yakan riƙe zafi har bayan isha, kaji kuma su ƙi shiga da gaskiyarsu. Haka nan kazar da ta kwana a waje yanzu ba muzuru kaɗai take fuskanta ba, har da rigimar maƙwabta, tun da katangar da ta hau ta mutum biyu ce.

Sauyin da ya fi wannan zurfi shi ne na kajin kansu. Hukumomin aikin gona sun daɗe suna ƙoƙarin shigo da jinsin waje, ciki har da musayar zakarun gida da na Turawa, sannan shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976 ya ƙarfafa wa ma'aikata da mazauna birane gwiwar yin kiwo a bayan gida. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown a 2000, daga baya kuma Noiler, wadda aka samar a Awe ta Jihar Oyo don ta ba da nama da ƙwai tare, ta bazu a gidajen Kano. Dukansu, tare da buroila mai isa yanka a mako shida zuwa takwas, a inji ake ƙyanƙyashe su, a kawo su cikin kwali suna 'yan kwana ɗaya, a rene su a ƙarƙashin ƙwan lantarki ko kusa da kaskon gawayi. Ba su taɓa ganin uwa ba, haske ne ya zame musu wurin taruwa, shi ya sa idan aka sake su magariba ta yi sukan tattaru a ƙarƙashin fitilar baranda ko su cunkushe a lungu, su bar kejin da aka kashe kuɗi aka yi musu. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 2000 ya nuna cewa kajin da aka rene su ba tare da abin hawa ba a makonninsu na farko suna shan wahalar koyon hawa daga baya. Nauyin da uwar kaza take ɗauka a da ya dawo kacokan kan mai kiwo, kuma ba a kan baƙuwa ɗaya ba, a kan garke guda.

Abin sha'awa shi ne dabarar kakanni ta wadatar a nan ma, da ɗan ƙari kaɗan. Tsarewar kwanaki da tsabar yamma da ɗauka bayan duhu duk suna aiki a kan kajin inji, sai dai a ƙara musu ƙaramar fitila, ko ta sola ce, a cikin keji dab da magariba domin ciki ya fi waje haske, a kashe ta idan sun natsu. A gicciya sanda a ciki ga masu iya hawa, wanda hakan yake biya wa kaza buƙatarta ta kwana a sama, abin da akurkin ƙasa bai cika yi ba. A kuma saukar da ƙofa ko a jingina katako ga buroila da nauyi ya hana ta tsalle.

Tsare baƙuwar kaza ya kuma samu dalili na biyu da ya fi na farko nauyi, wato cuta. Cutar Newcastle, wadda aka fara bayyanawa a tsibirin Java a 1926 da garin Newcastle na Ingila a 1927, aka kuma tabbatar da ita a Nijeriya a farkon shekarun 1950, ita ce annobar da take share kajin gida da hunturu, ana gane ta da koren zawo da wahalar numfashi da murɗewar wuya, kuma takan ɗauki kwana 2 zuwa 15 a jikin kaza kafin ta bayyana. Kazar da aka saya a kasuwar Tarauni ko wata kasuwar kaji, inda tsuntsaye daga ƙauyuka da gonaki daban-daban suke kwana keji ɗaya, tana iya isowa gida da ita alhali a ido lafiya lau take. Murar tsuntsaye ta ƙara fito da wannan haɗari fili, tun daga Fabrairun 2006 da aka tabbatar da ita a wata babbar gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko da nau'in H5N1 ya bayyana a nahiyar Afirka, ta kuma shigo Kano, aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa aka biya diyyar naira 250 a kan kowace ɗaya, sannan ta sake dawowa Kano a Janairun 2015. Saboda haka likitocin dabbobi suke ba da shawarar a ware baƙuwa ita kaɗai na aƙalla mako biyu kafin a haɗa ta da 'yan gida, a kuma daina kwana da kaji a ɗakin mutane. A nan shawarar likita ta gyara al'ada a wuri ɗaya mai muhimmanci: tsarewar ta yi daidai, amma ba a cikin akurkin tsofaffi za a fara ta ba, kuma mako guda bai isa ba.

Rigakafin ma a kan akurki ya dogara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda take aiki a Jihar Filato tun 1924, tana samar da rigakafin Newcastle mai suna I-2, wanda aka fara haɗawa a Jami'ar Queensland ta Ostireliya musamman don kajin karkara, domin yana jure zafi fiye da sauran, kuma ɗigo ɗaya ake yi a idon kowace kaza, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu, an fi so kuma a yi kafin shigowar hunturu. Yin haka yana buƙatar a kama kowace kaza da hannu, abin da ba ya yiwuwa da rana a garken da yake yawo, don haka masu yin rigakafin suke zuwa da sassafe kafin a buɗe ƙofa, kuma kajin da suka kwana a kan katanga ko bishiya su ne ake tsallakewa, su ne kuma suke ci gaba da ɗauko cutar daga gidajen maƙwabta su kawo wa ƙananan da ba a kai ga ɗiga musu ba.